Faci a Zuciyar Auta

A wani ƙauye da ke arewa da Maradi akwai wani tela da matarsa, ƴan ikilisiya ne, suna da ƴaƴa huɗu. Da damina yana noman gero da wake kamar kowa, da rani kuwa sai ya kafa kekensa a ƙarƙashin rumfa a bakin kasuwa. Ƴarsu ta biyar ta zo duniya da kaka, ana cikin ɗaurin dammuna. An haife ta lafiya a ɗakin haihuwa na garin da ke kusa da su, aka auna ta kilo 3. Ranar suna aka yanka rago, aka yi addu'ar godiya, maƙwabta Kirista da Musulmi suka ci suka sha. Sunan da aka raɗa mata yana nan a takarda, amma a gida kowa Auta yake ce mata. Kakarta kuwa, uwar telan, kishiya take kiran ta. In ta ɗauke ta sai ta ce, “To, kishiya, kin zo ƙwace mini gida ke nan?”

Har uwar ta gama wankan jego ba wanda ya ga wani abu. Bayan arba'in ne ta soma lura da yadda yarinyar take shan nono. Ta kama, ta ja sau biyar ko shida, sai ta saki tana haki kamar wadda ta yi gudu. Gumi ya tsattsafo mata a goshi, alhali ana tsakiyar sanyin hunturu. Ta ɗan yi barci, ta farka da kukan yunwa, ta sake kamawa, ta sake saki. Uwar ta goyi ƴaƴa huɗu, ta san nauyin ɗan wata uku a baya. Wannan goyon kamar zane kaɗai ta ɗaura.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma masu ba da shawara sun fi shi yawan magana. Wata ta ce nonon uwar ne ba shi da kyau, a nemo sassaƙe a jiƙa mata. Wata ta ce iska ce ta taɓa yarinyar da magariba. Kaka ta ce a kira wanzami ya yi mata tsaga a ƙirji, haka aka yi wa ubanta yana ƙarami, ga shi nan ya rayu. Telan ya sunkuyar da kai ya ce, “Inna, ki yi mini haƙuri, a fara kai ta wurin likita. In ba a dace ba sai mu sake shawara.” Tsohuwar ba ta ce kome ba, amma kwana biyu ba ta ci tuwon gidan ba.

Maganar da ta fi yi wa uwar ciwo a ƙofar majami'a ta ji ta. Wata ƴar'uwa ta ja ta gefe, ta ce ta binciki zuciyarta, ko akwai wani zunubi da ba ta tuba ba. Ta koma gida ta kwana tana lissafin laifofinta tun daga ƙuruciya. Da labarin ya kai kunnen wani dattijon ikilisiya, sai ya zo da kansa, ya buɗe Yohanna sura 9, ya karanta mata labarin mutumin da aka haifa makaho. Ya nuna mata cewa almajirai ma sun yi irin wannan tambaya, Ubangiji kuwa bai ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa ba. Daga ranar ta samu barci kaɗan.

Ɗaki huɗu da bango mai ƙofa

Sau biyu aka kai Auta ɗakin shan magani da tari da zazzaɓi, sau biyu aka ce ciwon haƙarƙari ne, aka yi mata allurai, ta ɗan samu sauƙi. A zuwa na uku wani malamin asibiti ya ɗora abin sauraren ƙirji, ya daɗe bai ɗauke ba. Ya duba ɗan littafin awo da ake kira karne, ya ga tana wata huɗu amma ba ta wuce kilo 4 ba, alhali yaro mai lafiya yakan kusan ninka nauyin haihuwarsa a wannan lokaci. Ya ce akwai wata ƙara a zuciyarta da bai gamsu da ita ba. Ya rubuta musu takarda zuwa Maradi. A Maradi aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga zuciyar ta fi girman da ya kamata, aka ce su tafi Yamai wurin likitan zuciyar yara.

Daga Maradi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Suka shiga babbar mota da asuba, suka wuce Madawa, da Galmi mai albasa, da Birnin Ƙonni, da Dogon Dutsi, da Doso. Uwar ba ta ga ko ɗaya daga cikin garuruwan nan da kyau ba, idonta yana kan ƙirjin yarinyar da ke hawa da sauka.

Likitan ya shafa wa Auta wani mai a ƙirji, ya goga kan na'urar da ake kira eko, sai ga zuciyar tana motsi a allo. Da ya gama ya ɗauki takarda ya zana musu gida mai ɗaki huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ya ce ɗakunan dama su ne ke karɓar jinin da ya gaji, su tura shi huhu ya ɗauko iska. Ɗakunan hagu su karɓi jinin da ya dawo daga huhu, su tura shi ko'ina cikin jiki. Tsakanin ɗakunan ƙasa biyu akwai bango. A zuciyar Auta bangon nan bai gama rufewa ba tun tana ciki, akwai ƙofa babba. Ɗakin hagu ya fi ƙarfi, saboda haka duk bugun da zuciya ta yi, wani jini yana bi ta ƙofar ya koma huhu a banza. Huhun ya cika kamar fangalin lambu da aka sakar wa ruwa aka manta. Shi ya sa take haki, shi ya sa sanyi kaɗan yake zama mata ciwon haƙarƙari. Abincin da ya kamata ya gina jikinta kuma, zuciya ce take cinye shi wajen aiki biyu.

Uwar ta tambaya, da murya ƙasa ƙasa, me ya sa ba a ga kome ba sai bayan arba'in, ko wani abu ta ci a jego. Likitan ya ce a'a. Hanyoyin jini na huhun jariri a matse suke sa'ad da aka haife shi, sai a makonnin farko suke sakewa, daga nan ne jini yake samun hanyar kwarara ta ƙofar. Ya ce cikin jarirai 1000 da ake haifa a ko'ina a duniya, kamar 8 zuwa 10 suna zuwa da wata matsala a zuciya, irin ta Auta kuwa ita ce aka fi gani. Wani lokaci ana gane dalili, kamar in uwa ta kamu da cutar rubela tana da ƙaramin ciki, ko tana da ciwon sukari. Amma yawanci ba abin da uwa ko uba suka yi. Ƙananan ƙofofi da yawa suna rufewa da kansu. Ta Auta babba ce, sai an yi aiki. Ya kuma gaya musu gaskiya cewa lokaci ba ya jira: in huhu ya daɗe cikin wannan matsi, hanyoyinsa sukan ƙandare, daga nan ko an rufe ƙofar ba ta da amfani.

Telan ya tambaya yadda ake rufe ta. Likitan ya ce ana buɗe ƙirji, a haɗa yaro da wata na'ura da ke yin aikin zuciya da huhu, a tsayar da zuciyar, a yanko ɗan ƙyalle na musamman ko wani yanki na fatar da ke lulluɓe da zuciya, a ɗinke shi a kan ƙofar. Telan ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Ashe faci ne, likita.” Likitan ya yi murmushi ya ce, “Faci ne, malam.” Mutumin da ya yi shekara 20 yana yi wa riguna da wanduna faci ya dubi hannuwansa, bai ƙara magana ba.

Zaman jinya

Kafin a kai ga aiki sai an riƙe yarinyar da rai, an kuma ƙara mata nauyi. Aka ba su maganin da ke sa fitsari don ya rage ruwan huhu, ana ce masa furosemid, da wani mai taimakon bugun zuciya, digoksin, wanda ake aunawa da sirinji marar allura. Aka gargaɗe su cewa wannan na biyun in ya wuce awo guba ne. Uwar ba ta yi makaranta ba, sai babbar ƴarsu, mai shekara 12, ta ɗaura zare ja a jikin sirinjin daidai inda aka nuna. Ita ce kuma ta koyi ƙidaya numfashi da agogon wayar salula. An gaya musu cewa yaron da ya wuce wata biyu bai kai shekara ba, in yana kwance shiru numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa, kada a jira gari ya waye. Shayarwa ta koma kaɗan kaɗan, dare da rana. In Auta ta gaji da tsotso sai uwar ta tatsa a kofi ta ba ta da cokali.

Cikin shekararta ta fari an kwantar da ita sau huɗu, mafi tsawo kwana 23. Wanda bai yi jinyar jariri a babban asibiti ba bai san tsawon dare ba. Uwa tana zaune a bakin gado, hannu ɗaya riƙe da robar iskar da ke hancin yarinya don kada ta fizge. Uba yana waje a kan tabarma ƙarƙashin dogon yaro tare da sauran maza, kowa da butarsa da takardar magani a aljihu, yana jiran a leƙo a kira shi. A 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, wannan ya taimaki mutane da yawa. Amma kuɗin mota, da abincin masu jinya, da abin da aka rubuta a sayo a waje, duk suna kan mai gida. Telan ya sayar da wake, ya sayar da sa. A kwanciya ta uku ya ba da keken ɗinkinsa jingina a kan jaka 40.

A gadon da ke kusa da nasu akwai wata Bazabarma da ɗanta, shi ma zuciya ce, amma irin wadda ke sa leɓe da farce su yi shuɗi. Ita ba ta jin Hausa sosai, uwar Auta ba ta jin Zabarmanci. Duk da haka suka raba dare biyu: ɗaya ta runtsa, ɗaya ta tsare yara biyu. In lokacin salla ya yi uwar Auta ta riƙe mata ɗa. In uwar Auta ta durƙusa addu'a, ita ta riƙe robar iska. Wata asuba yaron ya cika. Uwarsa ta naɗe tabarmarta, ta ɗauko sauran garin kunu da sukarin da take da shi ta ajiye a gefen gadon Auta, ta dafa kan yarinyar, ta fita. Ba su sake haɗuwa ba. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

A gida kuma wata ɓarna tana tafiya a ɓoye. Babbar ƴar tana ajin ƙarshe na firamare, amma daka da ɗiban ruwa da kula da ƙanne uku suka koma kanta, ta yi wata biyu ba ta taka makaranta ba. Ƴan'uwa suna zuwa gaisuwa, su cika tsakar gida, su yi addu'a, ita ce kuma za ta dama musu fura. Sai da wata gwauruwa a zumuntar mata ta tashi ta ce, “Muna zuwa da baki, muna barin yarinya da turmi. Wannan zumunta ce?” Daga nan aka raba kwanaki, kowace rana mace ɗaya ta yi wa gidan daka da girki. Yarinyar ta koma aji. Da damina ta sauka, maza suka yi gayya suka nome gonar telan. Maƙwabcinsa, wani alhaji mai sayar da hatsi, ya je ya biya jaka 40, ya sa aka dawo da keken ɗinki. Ya ce, “In ka samu ka biya, in ba ka samu ba Allah ya ba yarinya lafiya.”

Yaye

Aikin zuciyar jarirai yana bukatar kayan aiki da ma'aikata da ba a samun su ko'ina. An buɗe cibiyar Salam a Khartum a 2007, an buɗe ta Shisong a Kamaru a 2009. Akwai kuma ƙungiyoyi a Turai masu ɗaukar yara su kai su can, kamar Mécénat Chirurgie Cardiaque ta Faransa, wadda likitar fiɗa Francine Leca ta kafa a 1996, inda iyalai suke karɓar yaro a gidansu har ya warke. Likitan Auta ya aika da takardunta ga wata ƙungiya irin waɗannan. Aka yi wata bakwai ana jira. Tana da wata 14 amsa ta zo: an karɓe ta. Amma da sharaɗi, ita kaɗai za ta tafi. Ba uwa, ba uba, har kamar wata biyu.

Daren nan ba a yi barci ba a gidan. Kaka ta ce, “Yaye hakkina ne. Duk ƴaƴan gidan nan a ɗakina aka yaye su. Yanzu a ɗauki kishiyata a miƙa wa mutanen da ba mu san sunan kakanninsu ba? In ta mutu can wa zai rufe ta?” Telan ya ce, “Inna, in ta zauna nan ma likita ya gaya mana abin da zai faru.” Aka juya ga uwar, wadda tun farko ba ta ce uffan ba. Ta ce, “Maigida, ni ce nake jin numfashinta a bayana. Kullum ƙara gajarta yake. Gara in yi kukan nesa da in yi kukan kabari. A sa hannu.” Tsohuwar ta tashi ta shiga ɗaki. Da safe ta fito da wani tsohon zanen saƙi wanda ta goyi telan da shi, ta ce a sa a cikin kayan yarinyar.

A filin jirgin sama na Yamai wata mata mai aikin sa kai ta karɓi Auta. Uwar ta shayar da ita na ƙarshe a kan benci, ta kwance goyon, ta miƙa. Ta dawo ƙauye da nono cike yana mata zogi, ta yi mako guda tana ɗaura zane a baya ba kowa a ciki, don in ba haka ba ba ta iya tafiya daidai.

Ranar aiki ikilisiya ta taru tun da safe. Wani malamin makaranta da ke cikinsu ya ba su labarin yadda aka fara irin wannan aiki. A 1954, a birnin Minneapolis na Amurka, likita Walton Lillehei ya rufe irin wannan ƙofa a zuciyar wani yaro ɗan wata 13. Na'urar ba ta kankama ba tukuna, sai aka kwantar da uban yaron kusa da shi, aka haɗa jijiyoyinsu da roba, zuciyar uban da huhunsa suka yi wa su biyu aiki har aka gama ɗinki. Yaron nan ya rasu bayan kwana 11 saboda ciwon huhu, amma wasu da aka yi musu daga baya sun rayu. Telan ya ce da za a ba shi wannan dama da ya kwanta. Dattijon ikilisiya ya ce masa, “Ai ka riga ka kwanta, ɗana. Ina sanka? Ina kekenka?” Da la'asar waya ta yi ƙara. Aka ce an gama, ta farka.

Komowa

Bayan mako takwas suka koma filin jirgi. Yarinyar da aka sauko da ita ta yi kumatu, tana sanye da takalma. Uwar ta miƙa hannu, Auta ta juya ta ƙanƙame matar da ta kawo ta, ta fashe da kuka. An riga an gaya wa uwar cewa haka na iya faruwa, amma faɗa daban, gani daban. Kwana biyu yarinyar tana ƙin tuwo, tana waige waige. A dare na uku uwar ta ɗauko zanen saƙin nan daga cikin kaya, ta goya ta, ta yi ta zagaya tsakar gida. Can sai ta ji kan yarinyar ya kwanta tsakanin kafaɗunta. Ta tsaya tana saurare. Numfashin yana tafiya a hankali, har sai da ta tsorata, don ba ta taɓa jin sa haka ba.

Kaka ta buɗe rigar yarinyar ta ga tabo tun daga ƙasan wuya har kusa da ciki. Ta ce, “Kishiya, ashe ke ma tsagar aka yi miki, tasu ce dai ta fi tawa tsawo.” Telan ya bi tabon da yatsa a hankali, ya ce wanda ya yi ɗinkin nan ya san aikinsa.

Jinya ba ta ƙare a nan ba. Ana komawa da ita Yamai a duba facin a kan lokacin da likita ya sa. An gargaɗe su su kula da haƙoranta, kada kuma a yi mata tsaga ko sakiya, domin ƙwayar cuta da ta shiga jini tana iya sauka a zuciya. Bashin alhaji sai da aka yi kaka biyu kafin a gama biya. San da aka sayar har yanzu ba a mai da shi ba.

Ba kowane gida ne labarinsa yake ƙarewa haka ba. Uwar Auta ta fi kowa sani, shi ya sa ba ta yin addu'ar dare ba tare da ta ambaci Bazabarmar nan ba, ko da yake ba ta san sunanta ba. In kuma ta ga mace a majami'a ko a bakin rijiya tana shayar da jariri yana saki yana haki, gumi a goshinsa, sai ta matsa kusa ta tambayi watanninsa, ta ce a kai shi a saurari ƙirjinsa tun da wuri. In aka kwantar da ɗan wani, ba ta tambayar me iyayen suka yi. Takan tambayi wa ke yi wa sauran yaran daka, ta ɗauki taɓaryarta ta tafi.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙarfafa masu jinya, ya ta'azantar da waɗanda suka koma gida da zane ba goyo. Amin.